Irin Kindirmon Umma

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Hauwa ta Hayin Banki.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa ta girmamawa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'imarsa. Na san takarda ba ta isa inda kike. Na rubuta ne domin akwai labarin gida da ke kaɗai za ki fahimci nauyinsa, kuma ba mai daɗi ba ne.

Baba ba ya cin abinci. Kin san tun da haƙoransa suka zube, fura da kindirmonki ne suke riƙe da shi. Yanzu in an dama masa sai ya ɗanɗana, ya ce an gode, ya ture ƙwaryar. Ya rame ƙwarai. Likita ya duba bai ga wata cuta ba, ya dai ce dole ya ci.

Ga yadda aka yi. Lokacin da kike asibiti, ƙanwata Rabi ce ta riƙe miki aikin. Ta tafasa madarar shanun da matan Fulani ke kawowa ta unguwar Kawo, ta bari ta huce har yatsa ya iya jurewa, ta zuba ludayi guda daga ƙaramin ƙoƙon da kike ajiye iri, ta rufe da faifai. Ranar da kika rasu babu wanda ya tuna da ƙoƙon. Ana cikin zaman makoki Gwaggo Asabe ta shiga gyaran kicin, ta tarar da shi a lungu ya yi tsami har yana wari. Ta zubar, ta wanke shi da ruwan zafi da omo, ta kife a rana. Cewa ta yi, "Gida cike da baƙi, a bar ƙazanta a kicin?" Ban ga laifinta ba. Taimako ta zo yi.

Kin sha ce mini, "Irin nan ya girme ki, in kin shigo ki gaishe shi." Daga hannun Kaka kika karɓo shi a Zariya kina amarya. Muna dariya, mun ɗauka tsokana ce. Sai da aikin jarida ya kai ni ɓangaren labaran kiwon lafiya na gane zancenki daidai yake.

Abin da ke cikin ƙoƙon nan mai rai ne, Umma. Bakteriya ne, halittun da ido ba ya gani. Kowace ɗaya ƙwaya ce tilo, ba ta ma da ɗan ɗakin da ƙwayoyin jikinmu suke adana bayanan gado a ciki. Masana sun ce danginsu sun riga itatuwa da kifaye da duk wani mai numfashi zuwa duniya, da tazarar da hankali ba ya iya ɗauka. Naki suna cin zaƙin da ke cikin madara, su fitar da tsami, tsamin ya sa ta yi kauri. Ba sa haihuwa irin tamu. Ɗaya ce take rabewa ta zama biyu, biyun su sake rabewa.

A cikin wannan rabuwar wani lokaci akan samu ɗan bambanci. Wadda ta fi dacewa da ɗumin kicinki, da madarar da kike saye, da ma'aunin zafin da yatsanki ya saba, ita take rinjayar sauran kafin gari ya waye. Gobe ki ɗebi iri daga waɗanda suka yi rinjaye. Shekaru kina zaɓe ba ki sani ba. Shi ya sa da Rabi ta gwada da yogot na shago, ta gwada da na 'yan talla, duk ya kama amma Baba ya ƙi. Ba taurin kai ba ne. Harshensa ya san bambanci.

Sai na tuna ba ki taɓa hana kowa iri ba. Ko wadda kuka yi faɗa da ita jiya ta aiko, za ki zuba mata, kina mita. Na bi maƙwabta ɗaya bayan ɗaya. Yawancinsu sun daina yi. Daga ƙarshe aka kwatanta mini gidan Maman Sadiya, tsohuwar maƙwabciyarmu da ta koma Rigasa tun ina sakandare. Har yau tana yi na sayarwa, kuma da irinki ta fara. Ta yi kuka da ta gan ni, ta cika mini kwalba, ta ce, "Kayan Hajiya ne, ni ajiya aka ba ni."

Tun a kicinta jikina ya yi sanyi. Da madarar gari take yi, a bokitin roba, a ɗakin kwano mai zafi. Ta kuma faɗa mini da bakinta cewa akwai lokutan da nata ya yi rauni ta ƙara da na wasu. Waɗannan halittu kuwa har ɗan guntun gado sukan ɗauka daga na kusa da su, ko da ba jinsinsu ɗaya ba. Jikokin naki ne, amma sun daɗe a wani gida, sun ɗauki halinsa.

Rabi ta so mu ce wa Baba an samo naki da kansa. Ban iya ba. Na faɗa masa daga ina ya fito. Ya riƙe ludayin ya daɗe, sannan ya kai baki. Ya ce, "Akwai ta a ciki, amma daga nesa." Ya sha abin da bai kai rabin ƙwarya ba. Tun bayan rasuwarki bai sha kamar haka ba, kuma hakan ba zai riƙe mutum ba.

Yanzu irin yana kicinki, a ƙoƙonki. Rabi tana sabunta shi da madarar Kawo, tana fatan zai dawo yadda yake. Ban hana ta ba. Amma abin da na karanta bai yi mini wannan alkawarin ba. Zai canja, zai saba da gidan, sai dai waɗanda suka tafi a ruwan wanke-wanke ba sa dawowa. Abin da zai fito na Rabi ne. Ban sani ba ko Baba zai iya jira ya saba da shi.

Umma, ni ban taɓa koyon aikin nan a hannunki ba. Yau da safe Rabi ta kama yatsana ta tsoma a madarar, ta ce in riƙe wannan zafin a raina. Ina ƙoƙari.

Allah Ya jiƙanki, Ya haskaka kabarinki, Ya shayar da ke daga ƙoramun Aljanna. Allah Ya buɗe wa Baba zuciyar cin abinci, Ya ara mana shi ko na ɗan lokaci ne.

'Yarki mai kewarki,
Bilkisu