Taliyar ƙarfe uku

Yaya Yunusa,

Na tarar kana barci, ban tashe ka ba, na wuce lakwal ɗaukar darasi.

Awon sukarin da na yi maka da asuba ya nuna gram biyu, ninkin na mai lafiya, kuma ka ce mini rabonka da abinci tun tuwon magariba. Sai da na zo wanke kwanonka na ga sauran taliya. Inna ta ce ai kullum ƙarfe uku na dare sai ka ci a wurin aikinka na gidan burodi, ka kora da shayi, amma ba ka sa shi cikin lissafin abinci, wai maganin gyangyaɗi ne. Haba Yaya! Cikinka ya san da wannan bambanci?

Yanzu ban sani ba, ciwon sukari ne ko taliya ce. Malaminmu ya ce jiki ba ya sarrafa sukari da dare kamar da rana. Shekara shida kana aikin dare, ina so in gani da idona. Su Ɗanƙarami da kuke gashi tare, su ma ƙishirwa na damunsu kamar kai? Tambayo mini.

Yau ka ƙoshi kafin ka fita. Daga ƙarfe goma na dare ruwa kawai, da asuba mu sake awo. Kada ka ce mini ba komai. Haka Baba ya yi ta cewa har aka yanke masa ƙafa.

Ka yi haƙuri, butar shayinka tana cikin jakata.

Ƙanwarka, Kellu