Ƙofar da Aka Shafa wa Ja a Kan Kore

Ni ce Eduviges Barría, matar marigayi Custodio Oyarzún, da ke zaune a Puerto Montt. Da hannuna nake wannan rubutu, ina cikin hankalina, babu wanda ya tsaya a kaina yana faɗa mini abin da zan ce. Ƙafafu sun ƙi, numfashi yana yi mini rowa, amma kan nan garau yake. Mai shakka ya zo mu buga wasa ɗaya ya ga yadda zan kora masa sojojinsa cikin teku. Maganata da ku ce, 'ya'yana uku: Nolberto babba, Herminia, da auta Aliro.

Ba ni da gona, ba ni da shanu, maganar gidan nan kuma an gama ta a gaban lauya. Abin da ya rage shi ne kayan ɗakin baya, da wani abu da ya tsaya mini a rai. Tun rasuwar babanku Nolberto da Herminia ba sa ga maciji da juna, a kan ƙofar da ba ta kai farcen babban yatsa ba. Ba na so in tafi in bar ku a haka, kuma duk abin da zan lissafa a ƙasa, can ya nufa.

Na ɗaya. Teburin wasa, da duk ɗan ƙauyen kwali da ke kansa, na ku ukun ne. A kai shi garejin Aliro don shi ke da fili, amma kai auta ajiya aka ba ka, ba kyauta ba. Ba a sayar da shi. Mutumin nan mai shago a Santiago da ke son sayensa zai dawo da zaƙin bakinsa da zarar ya ji na kwanta dama. Ku ba shi shayi ku raka shi ƙofa. Ba kuma a raba allunan da ƙauyen ke kai, kowa ya ɗauki nasa. Idan aka raba su, hanyar coci ba ta isa ko'ina, rafin kuma ya yanke a tsakiya.

Kai Aliro a nan birni aka haife ka, bari in sake gaya maka abin da kake riƙe da shi. Ƙauyenmu ne na tsibiri. Da kifi ya yi ƙaranci muka yanke shawarar komawa tsallake, aka yi gayya kamar yadda aka saba. Shanu suka jawo gidanmu na katako har bakin ruwa, aka ɗaure masa ganguna, jirage biyu suka ja shi. A tsakiyar mashigi iska ta juya, igiya ɗaya ta tsinke, gidan ya karkata. Muna tsaye cikin jirgi, ina rungume da Herminia, muna kallo har rufin ya shige. Wainar dankalin da na soya wa masu gayya tana cikin kwando a ƙafata, haka muka dawo da ita babu wanda ya taɓa.

Bayan nan ne muka taho birni. Babanku ya samu ciwon baya, teku ta gagare shi, zama kuma ba halinsa ba ne. Wata rana na same shi yana yanka kwalin takalmi da reza, yana jera siraran ɓawon katako ɗaya a kan ɗaya kamar rufin gidajenmu. Na ce, "Custodio, ƙuruciya ta dawo ne?" Ya ce, "Ke dai miƙo mini gam." Ɗan ƙaramin gidanmu ya fara yi. Daga nan coci, sai matsayar jirage da tsinken ashana, sai shagon gurgun nan mai sayar da kananzir. Shi ke gini, ni ke fenti, domin hannunsa a fenti sai addu'a. Idan na bar shi, sai ya shafa wa tunkiya launin tukunya.

Na biyu. Buroshina, kwalaben fenti da tuluna na ƙasa, na Herminia ne. Ke ce kika gaji idona. Buroshin nan uku masu baƙin ƙota kada ki ba kowa aro, ko da fadan coci ne ya zo da kansa. Tsofaffin da bakinsu ya baje kada ki zubar, su ne na goge duwatsu: ki taɓa farin fenti, ki share shi a tsumma har ki ɗauka babu komai, sannan ki wuce a hankali kan dutsen. Kin sani, na sani kin sani, amma uwa ba ta gajiya da faɗa.

Yashin da ke tulu mai murfin shuɗi na bakin ruwan ƙauyenmu ne, ni na ɗebo da hannuna a zuwana na ƙarshe, na tace da rariyar shayi. Ki yi tattalinsa, na gyaran gaɓar teku ne kawai. Ciyawa kuwa ba sai kin sayi ta leda ba. Ganyen shayinmu na mate da aka gama sha, a shanya shi bayan murhu, a murza, ya fi ta kanti kama da ciyawarmu ta ƙarshen rani. Shekaru da yawa babanku yana cewa ban taɓa zuba masa shayi don Allah ba, dusar nake jira. Akwai gaskiya a ciki kaɗan.

Kuma ki riƙe abin da na koya muku ku duka: fenti siriri-siriri ake shafa shi, kamar ruwan madara, a bari ya bushe a ƙara. Ba ma kankare na ƙasa a gidan nan. Abin da aka shafa jiya yana nan, ko da ido bai gan shi ba.

Na uku. Sojojin dalma, da ƙwayoyin ludo, da tef ɗin awo, na Nolberto ne, don kai ka kawo mana wannan fitina. Kana sakandare ka shigo da sojoji cikin gwangwanin biskit, kai da abokanka kuka rasa filin yaƙi, kuka jera su a kan ƙauyen babanku yana barcin rana. Da ya farka ya ga igwa a farfajiyar coci, na ɗauka ranar sai an kira maƙwabta. Ya tsaya yana huci, yana huci, can sai ya ce, "Wane sakarai ne ya ajiye mahaya a cikin fadama? Nan doki ba ya wucewa." Kafin yamma shi ne alƙalin wasa. Tun daga ranar Asabar ba ta sake zama tamu ba. Ɗakin baya ya cika da ƙattai masu gardama a kan rabin yatsa, ni kuma ina soya musu waina ina cinye su a wasa ɗaya bayan ɗaya.

Ka ci gaba da wasan Asabar. Ka daina jan tef idan kana auna harbinka, kowa yana ganinka, kunyarka ake ji. Kuma dokar babanku tana nan: ana iya ƙona coci a wasa, ana iya kame matsayar jirage, amma ba a yaƙi a gidanmu. Sojan da ya kai bakin ƙofarmu ya tsira, ko na wane ɓangare ne. Baƙi sukan yi ƙorafi cewa babu wannan a dokokin wasa. Ka gaya musu teburinmu ne.

Na huɗu. Akwai alkawarin da ban cika ba. Zenón, abokin babanku a wasan Asabar, na ce zan yi masa tudu mai kogo don teburinsa. Na sassaƙa shi daga farin soson kwalin firji, na shafa masa baƙi, sai hannu ya fara rawa. Yana kan kanta ta sama. A ƙarasa a kai masa, tare da gilashinsa na ƙara girma da ya ara mini. Zai ce ya bar mini. Ku ajiye masa a tebur ku fito, tsohon nan idonsa ya fi nawa lalacewa.

Na biyar, kuma saboda shi na ɗauki biro.

Kun san abin da ya faru, amma kowa rabinsa ya sani, don haka ku saurara. A ciwonsa na ƙarshe babanku ya ce a kawo masa ɗan gidan nan kan gado. Ƙofarsa ta koɗe. Ya ce shi zai shafa da kansa, bai yarda in taɓa ba. Herminia ta riƙe masa gidan a tafin hannunta, ya shafa kore, hannu yana karkarwa, fentin ya hau dogaran ƙofa, ya yi kauri a gefe guda. Shi ne aikinsa na ƙarshe a duniya. Nolberto yana wurin aiki a kudu, bai gani ba.

Bayan jana'iza abokan babanku suka ce za a buga wasa don tunawa da shi. Nolberto ya shiga ɗakin baya yana gyara tebur, ya ga ƙofa kore, shafin kuma duk ya ɓaci. Ya ɗauka wani yaro ne ya yi ɓarna. Ya ɗauko ja ya shafe ta tsaf, don a idonsa ƙofar gidanmu ja ce, kuma yana so gidan ubansa ya fito da kyau a gaban mutane. Herminia ta shigo ta gani. Ta ce, "Yaya, ka binne shi sau biyu." Kai kuma maimakon ka tambaya, ka ce, "Ke me kika sani? Kina goye aka bar tsibiri." Ba a goye take ba, da ƙafarta ta shiga jirgi. Ta ɗauke gidan ta sa a aljihun riga ta fita. Har yau gurbinsa yana nan a kan tebur, fili fetal tsakanin rafi da hanyar coci. Masu wasa suna kewaye shi da sojojinsu, babu mai taka wurin, babu mai tambaya.

Tun lokacin Kirsimeti biyu nake yi kowace shekara, ɗaya da rana ɗaya da yamma, don kada ku haɗu. Aliro ya zama ɗan aike tsakanin yayyensa, da furfurarsa. Jikokina suna gaisawa a waya a ɓoye kamar masu laifi. Wannan abu ya ci mini rai fiye da ciwon da ke ƙirjina.

Na sha gaya muku, kuna yi mini kunnen uwar shegu, to ga shi a rubuce. A tsibiri babu mai sayen fenti don ƙofa. Abin da ya ragu a gwangwani bayan an shafe jirgi, shi ake shafa wa ƙofa. Jirginmu na farko ja ne, shi ya sa Nolberto ya tashi yana shiga ta jar ƙofa. Da aka sayar da shi aka yi na biyu, kore, shi Herminia ta buɗe ido ta gani. Hoto ɗaya da muke da shi baƙi da fari ne, ba zai raba ku ba. Babu maƙaryaci a cikinku. Amma na san ba launi ne ya raba ku ba. Ke kina kukan hannun babanki da aka rufe. Kai kuma tun ranar da ka gane abin da ka shafe kunya ta hana ka buɗe baki, ka mayar da ita fushi, halin babanka sak.

To ku ji. Nolberto ɗana ne, a hannuna ya koya. Bai kankare ba, shafi ɗaya siriri ya yi. Koren babanku yana nan a ƙasa, da kaurinsa da karkatarsa. Herminia, ki kawo gidan. Ki riƙe shi a tafin hannu yadda kika riƙe wa babanki. Nolberto, ka fi kowa tsayayyen hannu, ka ɗauki tsinken sakace ka jiƙa bakinsa da ɗan sinadarin wanke buroshi, ka ɗaga jan a hankali. Ba duka ba. Wurin mariƙi inda hannu ke taɓawa, da ƙasa inda kare ke karta, da gefen da iskar teku ke duka. Ita za ta ce maka tsaya, kai kuma ka tsaya. Ƙofar gaske ma haka take a shekarunta na ƙarshe, wani launi yana leƙowa ta ƙarƙashin wani. Aikin ba ya yiwuwa da mutum ɗaya, gidan ya yi ƙanƙanta, sai an riƙe. Idan kun gama ku mayar da shi gurbinsa, ku zuba masa yashi a gindi.

Na shida. Aliro, na san an saba sai an dawo daga maƙabarta ake buɗe irin wannan takarda. Kada ka jira. Likita ya yi mini magana a fili, ni ma na ji a jikina, damunar nan ba zan ga ƙarshenta ba. Ka kira su ranar Asabar mai zuwa, su biyun, lokaci ɗaya, ka karanta musu a ɗakin baya da ƙarfi. Wanda ya tashi zai fita ka tare ƙofa, ka fi su ƙiba.

Allah ya yi muku albarka, ku da 'ya'yanku da 'ya'yan 'ya'yanku. Ya tsare ku a ruwa da tudu, ya ba ku abinci mai albarka da maƙwabta na kirki. Na yafe muku duka, wanda na sani da wanda ban sani ba, ku ma ku yafe mini kaifin bakina. Ku riƙe juna. Babba ya sassauta, ta tsakiya ta saurara, auta ya huta da aike. Gida ɗaya na taɓa tsayawa ina kallo ya nutse ban iya komai ba, ba zan so in kalli na biyu ba.

Gadona yana jikin bangon ɗakin baya, katakon kuma siriri ne. Ba sai kun shigo kun nuna mini komai ba. Zan kwanta in kasa kunne. Idan na ji Herminia ta ce, "Yaya, tsaya haka," na ji kai kuma ka tsaya, ya ishe ni.

Mahaifiyarku,
Eduviges Barría