Ranar da Na Manta Treasure a Funtua

Bakori, 14 ga Agusta

Zuwa ga matata, Maman Treasure,

Gaisuwa mai yawa cikin sunan Ubangiji, da fatan kina lafiya, ke da yara. Yaya jikin Baba? Ki gaishe shi da Mama, in za su amsa. Yaya damina a wajenku na Malumfashi? Nan ciyawa ta ci ƙarfin masara.

Ba biko nake yi ba. Yau kwana ashirin da tafiyarki, har yanzu ban sami abin faɗa ba. Na ajiye 'yarmu mai shekara shida a shagon Malam Shitu a Funtua, na ce ta jira in sayo taki. Na tarar da wasu suna fama da injin ban-ruwa, na tsaya na gyara musu, na ɗaure buhu a babur na taho gida. Sai da kika ce, "Ina Treasure?" Abin da ya faru ke nan, ba ni da ƙari.

Ranar Litinin ciwon kai ya kai ni asibitin sha-ka-tafi. Malama Najiba, wadda ke duba manya, ta lura karo na uku ke nan ana buɗe mini sabon kati, don ina ɓatar da na baya. Tana cikin auna jinina na miƙe in duba wata wayar lantarki da ta saki a bango, abin awon yana ɗaure a hannuna. Ta ce in zauna. Ta tambaye ni ko ina gama aikin da na fara, ko hankalina yana tsayawa in ana mini magana, ko ina barci, ko ina shan wani abu. Sannan ta ce, "Tun yaushe kake haka?"

Na gaya mata shanun huɗa da na bari suka shiga gonar mutane ina ɗan shekara tara, da dukan da marigayi mahaifina ya yi mini. Na gaya mata yadda aka sallame ni daga gidan gurzar auduga saboda latti. Da na zo kan Treasure sai ta ajiye biro.

Ta ce mai yiwuwa ba sakaci ba ne, lalura ce, amma ba ita za ta yanke ba. Likita yana zuwa duk Talata, kuma yana son jin ta bakin wanda ya zauna da ni. Ki zo. Ki faɗi duk abin da kika gani, kada ki rage don ina wurin.

Ni ne mijinki,
Sulemanu

Bakori, 2 ga Satumba

Maman Treasure,

Bayan gaisuwa da fatan kin koma gida lafiya. Na gode da zuwanki.

Ba ki rage komai ba, kamar yadda na roƙa. Rufin madafin da na yaye shekara uku ban mayar ba, ranar haihuwar ɗanmu Levi da na fita nemo mota na dawo da yamma. Ina zaune ina ji kamar labarin wani mutum ake bayarwa. Na ga kina kuka, na jira nawa ya zo, bai zo ba.

Takardar da likita ya ba ni na kai Zariya, wurin likitan ƙwaƙwalwa. Sau biyu na je. Ya rubuta haruffa huɗu, ADHD. Ya ce tun ina yaro nake tare da ita: hankali ba ya zama wuri ɗaya, sai abin da ya fisge shi. Ya ce manya da yawa suna tsufa da ita ba a sani ba. Ya ce ba hauka ba ce. A coci dai an riga an ce na taɓu.

Na gaya wa Iya, mahaifiyata. Ta daɗe tana tankaɗe ba ta ɗago ba, sannan ta ce, "To duk dukan nan fa?" Shekarata arba'in da uku ana kirana shashasha, ni ma haka nake kiran kaina. Yanzu an ce ba haka ba ne, ban san inda zan ajiye shekarun ba.

Ki gaishe da yara.

Mijinki,
Sulemanu

Bakori, 9 ga Oktoba

Maman Treasure,

Ina gaishe ki da kyau, da fatan kowa lafiya. An fara karyar masara a nan.

Ranar da kika zo, a tasha kin tambaye ni ko magani zai hana ni sake mantawa da Treasure. Na tambayi likita, ya ce zai taimaka, amma alkawari ba zai yi ba. Ni ma ba zan yi miki ba.

Ƙwaya ɗaya ce da safe. Da wuya ake samunta, kuma tana hana ni cin abinci. Duk mako biyu Malama Najiba tana auna jinina. Ta sa na sayi ɗan littafi, aiki uku kawai nake rubutawa a rana, waya tana mini ƙara in lokacin kowane ya yi. Wani lokacin littafin ma mantawa nake da shi. Amma ranar Lahadi na ji wa'azi daga farko har ƙarshe. Ashe haka kuke ji kullum. Na fito na tsaya a bakin coci, ba murna, ba baƙin ciki, kaina shiru kawai.

Kin aiko cewa ke kin fahimta, amma Treasure in ta ji ƙarar babur takan ruga bayan Mama. Ba laifinta ba ne. Ita ba ta san haruffa huɗu ba, awa biyar ta sani a bakin shago.

Ki tambaye ta ko tana so in zo ranar Asabar, a motar haya. In ta ce a'a, kada ki matsa mata. Zan sake tambaya wani makon. Na rubuta a littafin.

Ni ne mijinki,
Sulemanu Toma