Akuyar da Baba Ya Gyara wa Ƙafa

Asabar da dare, Samaru

Na gaji, amma barci ya ƙi zuwa. Jiya a aji malam ya ba mu labarin wani Ba'amurke da ya tsufa yana zana katun na talabijin, wai da fentin allunan shaguna ya fara. Sana'ar Baba ke nan! Yau na je shagonsa a Sabon Gari da littafin zanena, ko da yake kullum cewa yake katun shirme ne. Na saki shafukan littafina da sauri, akuyar da na zana shafi-shafi ta kama tafiya.

Baba ya karɓi littafin ya duba. Can ya ce, "Ladi, akuya ba ta ɗaga ƙafa haka. Miƙo fensir."

Har magariba muna gyara. Littafin ma ya hana ni tahowa da shi.