Shinkafar Kaffara Tana Bayan Ƙofa

Zuwa ga Abban Hind, inuwata a tsakar ranar Jidda, ruwan randata, iskar teku mai busar min da zufa bayan la'asar. Sallama daga matar da har yau kunya ba ta bar ta ta kira sunanka ba.

Na ga hoton da ka turo wa 'yarmu a waya. Ga ka bisa keke a Italiya, kan tsohuwar hanyar duwatsu da ka ce Rumawan farko ne suka shimfiɗa, kana dakon jakunkunan Turawa masu tattaki zuwa wurin ibadarsu. Har da dariyarka. Ban ce haramun ba ne, sana'a ce, Allah ya sa albarka. Ƙafafunka kawai na tsaya kallo. Ashe lafiyarsu ƙalau?

Ka tuna shekarar da zazzaɓi ya kusa raba mu da Hind a ɗakinmu na unguwar Karantina? Kai ka ɗaga hannu, ni na ce amin: in ta tashi, za mu taka daga Jidda har Makka, tare, ta hanyar Bahara da kakanninmu suka bi. Ta tashi. Muka fita da asuba, ko rabin yini ba mu yi ba takalmina ya tsinke. Ka cire naka ka ba ni, ka dawo da ni gida kana tafe ƙafa ba takalmi, ka ce sai baɗi.

Baɗin nan shekara tara ke nan. An rushe Karantina, na koma Bani Malik, Hind ta yi aure, bakancen nan yana rataye a wuyana ni kaɗai. Na tambayi malamin unguwa, ya ce, shi ke nan, ki ciyar da miskinai goma kin fita. Na sayi shinkafar. Wata huɗu tana bayan ƙofa, har ƙwari sun fara shiga, na kasa dafawa. Ranar da na ɗora tukunyar nan, na yarda ke nan ba za ka dawo ba.

Hasken idona, zumar da ta bar min ɗaci a harshe! Kai da ke raka baƙi kwana da kwanaki, tafiyar kwana uku da ni ce ta gagare ka? Ka aiko min da kalma ɗaya kafin Rajab: in jira, ko in kunna wuta.

Duk wanda ka zaɓa, ba zan taka hanyar nan da wani ba. Takalminka yana nan, ina shafa masa mai kada ya bushe.

Taka har ranar tsayuwa,
Rabi