Allurar Baba Kafinta

Litinin, 3 ga Maris
An mayar da ni ɗakin waɗanda magani ya ƙare a kansu, sai dai mu rage musu zafi. A gadon kusa da taga akwai wani dattijo, Baba Kafinta ake ce masa, ciwon daji ya ci ƙashinsa. Ina juya shi gadon ya yi ƙara, sai ya ce, "'Yata, wanda ya haɗa wannan abin ban yafe masa ba." Na yi dariya. A irin wannan ɗaki, Allah ya yafe mini.

Laraba, 5 ga Maris
Allurar da likita ya rubuta tana kashe zafin, amma tana sa shi barci mai nauyi. Babbar 'yarsa, ita ke jinyarsa, ta tare ni a bakin ƙofa. "Sista, don girman Allah ki riƙa ja masa lokaci. Kada ya tafi cikin barci ba kalmar shahada a bakinsa." Na ce ba ni da wannan iko. Amma raina yana wajenta. Tun ina riƙe allo nake roƙon in cika da kalmar nan, ta yaya zan tare wa wani?

Alhamis, 6 ga Maris
Na jinkirta allurar. Wai ina neman auduga.
Abin da ya fito daga bakinsa ba kalma ba ce. Ihu ne, da kiran Inna, mutum mai jikoki. Ya ciji matashi har ya jiƙe. 'Yar na kansa tana laƙƙana masa, bai ma san tana wurin ba.
Na yi sauri na yi masa allurar.

Asabar, 8 ga Maris
Na tuna karatunmu: idan mutum ya faɗi kalmar shahada bai ƙara wata magana ba, ita ce ta ƙarshensa, ko da ya jima bai cika ba. Na kai wa 'yar shawara, kafin kowace allura ya faɗa, mu kuma mu kama bakinmu har barci ya ɗauke shi. Da ƙyar ta yarda. Shi ko cewa ya yi, "To, kun mayar da ni ɗan makaranta, sai na biya karatu a sallame ni."

Lahadi, 9 ga Maris
Ko ruwa ba ya wucewa. Leɓe kawai nake jiƙa masa.

Talata, 11 ga Maris
Ya faɗa, a hankali amma sarai. Na yi allurar. Ina zarewa ya lalubo hannuna, ya ce, "Sannu da aiki, 'yata." Na ce Baba, sake faɗa. Ina, ido ya riga ya rufe.
Bai farka ba. Bayan la'asar ya cika. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.
'Yar tana tsaye, ta ji komai. Da ma faɗa ta yi mini. Cewa kawai ta yi, "Ke ya ba wa ta ƙarshen."

Laraba, 12 ga Maris
Na juya maganar ta kowace fuska, ban samu inda zan tsaya ba. Ni ba malama ba ce. 'Yar ta zo kwashe kayansa, na yi mata gaisuwa, ta amsa tana kallon bango.

Asabar, 15 ga Maris
An kawo wata tsohuwa gadon, irin ciwon ne. Lokacin allura ya yi, ɗanta ya ce in dakata zai ɗauko ƙaninsa, su yi mata addu'a tana farke. Ita kuwa sai damƙar zanin gado take, haƙora a cije. Na ce, "Je ka, ɗan'uwa." Yana fita na yi mata. Na zauna gefenta har yatsunta suka saki.
Sai da na dawo gida na lura ban yi istigfari a kai ba. Ƙila gajiya ce.