Gadon Da Na Rataye Maka

Zuwa ga Lovre, hasken idona, sanyin zuciyata, inuwar ɓaurena a tsakiyar rana, iskar yamma mai shigowa da ƙamshin teku,

Gaisuwa daga Komiža, tare da kewa wadda ta fi ruwan da ke tsakaninmu zurfi. Na ji cewa idan jirginku na ruwa ya tsaya a tashar Rijeka za su sake miƙo maka takardar aikin wata shekara. Wata shekara kuma, masoyina? Kafin ka ɗauki alƙalami, tsaya ka ji abin da na yi.

Ka tuna safiyar da na neme ka ko'ina, sai ga ka kwance cikin kwale-kwalen Baba Jerko kafinta, kana sharar barci? Ka buɗe ido ɗaya, ka ce gadon tudu ba ya numfashi, kai kuwa ba ka iya runtsawa a kan abin da ba ya motsi. Na yi dariya a ranar, amma maganar ta tsaya mini a wuya kamar ƙayar kifi. Ashe gado ne ke kore mini kai?

To, mai son ɗan tsuntsu shi ke bin sa da jifa. Gidan kakata ya tashi daga kango! Da hannuna na kankare gishirin da ya ci bango, na shafe shi da farar ƙasa. Ƙofa da tagogi sun sha ragowar shuɗin fentin masunta, igiyar jirgi ta zama abin dafawa a matakala, na kuma sa an huda kewayayyiyar taga mai kallon ruwa. Goggo Perina ta leƙo ta katanga, ta ce gidan ya zama jirgin ruwa, saura in nemo matuƙi ya kama hanyar Italiya. Na ce mata matuƙin yana tafe. Yana tafe, ko ba haka ba?

Gadon kuwa, Baba Jerko ya rataye shi da igiyoyi a jikin katakon rufi. Lilo yake yi, Lovre, numfashi yake! Ni da ko a jirgin fito sai na yi amai, ni ce na kwana a kansa, jiri yana kwasa ta, ina zagin ka, ina begen ka. Yanzu na saba. Idan ni na koyi teku saboda kai, ba za ka koyi tudu saboda ni ba?

Aibinsa ɗaya ne. Da na kwanta sai ya karkata gefena, har ina neman zamewa ƙasa. Baba Jerko ya duba igiyoyin, ya ce kada in ɓata masa suna, aikinsa lafiya lau, ba don mutum ɗaya ya yi shi ba.

Kada ka sa hannu, ruhina. Zo ka daidaita shi.

Taka, har ranar da teku zai ƙafe,
Vinka